Shin Masu Ra'ayin Ci Gaba Ne Kaɗai Ke Bin Kimiyya a Amurka?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Gusau, ina yawan bibiyar labaran Amurka. Kullum sai in ji ana cewa masu ra'ayin ci gaba irin su Bernie Sanders da Ocasio-Cortez su ne ke tare da kimiyya da kare muhalli, 'yan Republican kuma sun ƙaryata sauyin yanayi. Haka abin yake? Kuma ta yaya maganar zafin duniya, wadda na'urar awo ke iya tabbatarwa, ta koma rigimar jam'iyya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka haɗa, kuma ta biyun ce ke buɗe ta farko. Kana son sanin ko gaskiya ne ɓangare ɗaya ya rungumi ilimi ɗayan ya juya masa baya, sannan kana son sanin inda aka raba gari. Kafin in shiga, ka san ta wace kafa nake kallon abin: sana'ata gwajin ruwan sha ce, a wata jami'a da ke yankin manyan tafkunan Amurka na yi karatun, kuma garin da na zauna gari ne na 'yan boko, inda da wuya ka haɗu da mai haƙar kwal ko mai aiki a rijiyar mai. Wannan zama ya karkatar da kunnena gefe guda, na kuma san da haka. Abin da ya shafi ruwa da guba zan faɗa maka da bakin wanda ya taɓa da hannunsa. Na siyasa kuwa, karatu ne da zaman kallo.

Amsata a gajarce ita ce: a kan sauyin yanayi, masu ra'ayin ci gaba suna da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta kusa da kusa ba ce. Amma kimiyya awo take bayarwa, ba ta zartar da doka. Da zarar an tashi daga "me ke faruwa" an koma "me za a yi, wa zai biya", su ma suna da nasu son zuciya, suna da wuraren da suke kau da kai daga hujja.

Su wa ake nufi, kuma da can yaya abin yake

Kada sunan ya ruɗe ka da na jam'iyyar APC ta gida, kalma ce kawai ta zo ɗaya. A Amurka ta yau, masu ra'ayin ci gaba ɓangare ne na hagu cikin jam'iyyar Democrat, waɗanda ke son gwamnati ta sa hannu sosai a kiwon lafiya da albashi da muhalli, ta kuma taka wa manyan kamfanoni birki. Suna da ƙungiya a majalisa wadda aka kafa a 1991, Sanders ne shugabanta na farko. Ba duk ɗan Democrat ne nasu ba, faɗansu da 'yan tsaka-tsaki na cikin gida wani lokaci ya fi wanda suke yi da Republican zafi.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, kakan wannan ra'ayi a harkar muhalli ɗan Republican ne. Theodore Roosevelt, wanda ya hau mulki a 1901, ya killace dazuzzuka da filayen gwamnati kimanin eka miliyan 230 don kada a cinye su. Richard Nixon, shi ma ɗan Republican, shi ya kafa Hukumar Kare Muhalli, wato EPA, a Disamban 1970, shekara guda da rabi bayan kogin Cuyahoga da ke Cleveland ya kama da wuta saboda man da ke yawo a kansa. Dokar tsaftar iska ta wannan shekara ta wuce Majalisar Dattawa da ƙuri'a 73, babu ko ɗaya da ya ƙi. Gwamnatin Reagan ta sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta 1987 wadda ta hana sinadaran da ke huda rufin sararin samaniya. Bush babba ya sa hannu a gyaran dokar iska na 1990, wanda ya magance ruwan sama mai tsami ta hanyar ƙayyade hayaƙi da barin kamfanoni su yi cinikin lasisinsa a tsakaninsu. Har a zaɓen 2008, ɗan takarar Republican John McCain irin wannan tsari yake nema a yi wa hayaƙin kabon. A shekarar ce Newt Gingrich, jigo a Republican, da Nancy Pelosi, jigo a Democrat, suka zauna a kujera ɗaya suka yi tallan talabijin kan sauyin yanayi. Yau in ka nuna wa matashin Ba'amurke wannan talla zai ɗauka haɗi ne.

Ita kimiyyar kanta ta girmi rigimar nesa ba kusa ba. Tun 1896 Svante Arrhenius ya lissafa cewa ƙaruwar kabon a sama za ta ɗumama duniya. Charles Keeling ya fara auna shi a kan dutsen Mauna Loa a 1958, ya samu kusan kashi 315 cikin miliyan na iskar sama. Yanzu ya haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu kusan 280 ne. Babu wata babbar cibiyar kimiyya a Amurka da ke musun cewa ƙone kwal da mai da gas ne sila.

Inda aka raba gari

Ruwa ba ya tsami banza. Sinadaran da Montreal ta hana, kamfanoni ƙalilan ke yin su, kuma an samu madadinsu da wuri. Kabon kuwa shi ne jinin tattalin arzikin gaba ɗaya: mota, lantarki, siminti, taki, jirgi. Duk wanda ya ce a rage shi ya taɓa aljihun masu ƙarfi. Masanan kamfanin Exxon sun sanar da shugabanninsu haɗarin tun 1977, kuma wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2023 ya nuna hasashen da suka yi a cikin gida ya zo daidai da abin da ya faru. A waje kuwa, kamfanonin mai da kwal da motoci sun haɗa ƙungiya a 1989 wadda ta shafe shekaru fiye da goma tana shuka shakku. A 2002 wani mai ba jam'iyyar Republican shawara, Frank Luntz, ya rubuta musu cewa su riƙe maganar "masana ba su gama yarda ba" da kyau, don in jama'a suka gamsu an gama muhawara, shi ke nan.

Kuɗi kaɗai dai bai isa ya bayyana abin ba. Akwai aƙida: wanda ya taso a kan cewa gwamnatin tarayya ta rage shiga harkar mutane, in aka kawo masa matsalar da maganinta ƙarin doka ne da haraji, ya fi masa sauƙi ya yi shakkar matsalar da ya sauya aƙida. Akwai kuma fuska. Tunda Al Gore, ɗan takarar Democrat wanda ya sha kaye a zaɓen 2000 mai cike da rigima, ya zama shi ne tambarin batun, sai rabin ƙasar suka ɗauke shi kayan abokan hamayya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 da ya buɗe ƙofar zuba kuɗi ba iyaka a yaƙin neman zaɓe ya ƙarasa aikin: ɗan Republican da ya ce ya yarda da sauyin yanayi ya san za a tayar masa da abokin takara a zaɓen fid da gwani. A 2015 Sanata James Inhofe, ɗan Republican, ya shigo zauren majalisa da dunƙulen ƙanƙara a hannu wai hujjarsa ce cewa duniya ba ta ɗumama, kuma shi ne shugaban kwamitin muhalli a lokacin.

Ga wani bincike da nake so ka riƙe. Dan Kahan na jami'ar Yale da abokan aikinsa sun gano a 2012 cewa yawan sanin kimiyya da lissafi ba ya kusanto da ɓangarorin biyu. Nisanta su ma yake yi. Mai ilimi ya fi iya ƙirƙiro hujjar da za ta kare matsayin mutanensa. Kenan jahilci ba shi ne ciwon ba. Mutum yana tsoron ya fita daga dangi ne, kuma wannan tsoro babu ɓangaren da ya tsira daga gare shi.

Flint, da abin da na fi girmama su a kai

In ka tambaye ni gudummawar da masu ra'ayin ci gaba suka kawo wadda ta fi kowace nauyi, ba zan ce sauyin yanayi ba. Tambaya ce guda da suka tilasta wa ƙasar ta riƙa yi: dattin, ƙofar gidan wa ake zubar da shi? A 1982 jihar North Carolina ta zaɓi gundumar Warren, inda baƙaƙen fata matalauta suka fi yawa, don binne ƙasa mai guba. Mutane suka kwanta a kan titi gaban manyan motoci, aka kama fiye da 500. Daga nan aka samu abin da suke kira adalcin muhalli. A jihar Louisiana, tsakanin Baton Rouge da New Orleans, akwai zirin bakin kogin Mississippi mai tsawon kusan kilomita 135 wanda masana'antun sinadarai fiye da 150 suka cika, mazauna wurin suna kiransa Lungun Ciwon Daji. Yawancin ƙauyukan da ke manne da katangun masana'antun na jikokin bayi ne.

Kai da ka fito daga Zamfara ba sai an yi maka bayanin gubar dalma ba. Ka san abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya kashe yara aƙalla 400, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta turo ma'aikatanta su taimaka. To bayan shekara huɗu, dalmar ta ɓulla a famfunan su Amurkawan kansu.

Flint gari ne a jihar Michigan mai mutum kusan dubu ɗari, akasari baƙaƙen fata, wanda talauci ya kama bayan masana'antun mota sun kwashe. Gwamnan jihar ya naɗa wa garin kantoma, kuma a Afrilun 2014, don a rage kashe kuɗi, aka daina sayen ruwan Detroit aka koma jan na kogin Flint. Ga inda sana'ata ta shigo. Tsofaffin bututun dalma ba sa kashe mutane muddin ana zuba wa ruwan wani sinadari mai arha wanda ke yi wa cikin bututun ɓawo, ya raba ruwan da ƙarfen. Ruwan kogin ya fi na da cin ƙarfe, kuma ba a zuba sinadarin ba. Ɓawon ya narke, dalma ta bi ruwa zuwa kofin yara. Cikin wata shida kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa saboda yana sa kayan inji tsatsa. Injin mota ya samu sauyin ruwa, mutane kuwa aka ci gaba da ce musu lafiya lau ne.

Yadda aka ɓoye abin shi ya fi tsaya mini a rai, domin dabara ce da duk mai gwajin ruwa ya sani. In kana neman dalma, ruwan farko kake tara, wanda ya kwana cikin bututu aƙalla awa shida. In ka buɗe famfo ka bar shi ya zuba kafin nan, ka wanke shaidar. A Flint an umarci mazauna su zubar da ruwan tun da dare kafin ɗiban safe, sannan aka cire samfura biyu masu yawan dalma daga lissafi, sai sakamakon ya sauko ƙasa da ma'aunin 15 cikin biliyan da doka ta gindaya. Ni kaina, a aikin da nake yi, an taɓa kawo mini ruwan wata rijiyar burtsatse wanda ya fito fes, sai da na je da ƙafata na ɗiba da asuba kafin a kunna injin na ga abin da ke ciki. Na'ura ba ta ƙarya, amma abin da ka ba ta shi za ta karanta maka.

Waɗanda suka tona asirin su ne matan garin da suka riƙa ɗaukar ruwa mai launin shayi a gora suna kai wa taron majalisar gari, da Farfesa Marc Edwards na Virginia Tech wanda ya yi nasa gwajin, da likitar yara Mona Hanna-Attisha wadda ta fito da alƙaluman jinin yara a Satumban 2015. Da farko jami'an jiha ƙaryata ta suka yi. Ka kuma lura da wannan: gwamnan ɗan Republican ne, amma EPA ta lokacin a ƙarƙashin Obama take, ta samu labari da wuri ta yi ta jan ƙafa, har shugabar ofishinta na yankin ta ajiye aiki a Janairun 2016. Matsin lambar da ta biyo baya ce ta sa dokar gine-gine ta 2021 ta ware dala biliyan 15 don tone bututun dalma a faɗin ƙasar.

Inda su ma suke tuntuɓe

Laifi tudu ne. Nukiliya na samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na lantarkin Amurka, kuma kusan rabin duk lantarkin da ba ya fitar da kabon daga nan yake. Duk da haka, ƙin nukiliya tsohuwar aƙida ce a wannan ɓangare, Sanders ma yana kanta. A Afrilun 2021 aka rufe tashar Indian Point wadda ke ba birnin New York da kewayensa kusan rubu'in wutarsu, bayan shekaru ana matsa lamba daga ƙungiyoyin muhalli. Gas ne ya cike gurbin, hayaƙi ya ƙaru. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kaliforniya ta ga haka ta ja da baya, a 2022 ta tsawaita ran tasharta ta Diablo Canyon. Haka batun irin shuka da aka sauya wa ƙwayar halitta: babbar cibiyar kimiyya ta ƙasar ta yi nazari mai faɗi a 2016 ba ta samu shaidar cewa cin sa ya fi na gargajiya haɗari ba, amma da yawa daga masu cewa "a saurari masana" a nan sai su toshe kunne.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Dokokin da aka yi a shekarun 1970 don hana a gina abin cutarwa, yanzu su ake amfani da su a hana gina abin amfani. Layin lantarki na SunZia, wanda aka tsara don ɗauko wutar iska daga New Mexico zuwa Arizona, an fara neman izininsa a 2006, ba a fara gini ba sai 2023. A gefe guda, jihar da ta fi kowace samar da lantarki daga iska ita ce Teksas, cibiyar mai da 'yan mazan jiya, inda Bush ƙarami ya sa hannu a dokar farko ta jihar da ta ƙarfafa irin wannan wuta a 1999 yana gwamna. Iowa na samun fiye da rabin wutarta daga iska. Manoman can ba wa'azin muhalli ya ja su ba, kuɗin hayar fili ne. Kuma babban abin da ya rage hayaƙin Amurka shi ne faɗuwar kwal, daga kusan rabin lantarkin ƙasar a 2005 zuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kuma gas mai arha da ake fasa dutse a fitar shi ya fi kayar da kwal ɗin. Wannan fasa dutse kuwa masu ra'ayin ci gaba so suke a hana shi.

Sai kuma yadda ake magana da mutane. West Virginia jihar 'yan ƙwadagon kwal ce da ta daɗe tana bin Democrat. A 2016 Hillary Clinton ta yi suɓul da baka ta ce za a raba masu haƙar kwal da yawa da aikinsu. Ta ci gaba da bayanin taimakon da za a yi musu, amma rabin farko kaɗai aka ji. Trump ya kwashe kusan kashi 70 na ƙuri'un jihar. A nan sai in yi wa masu ra'ayin ci gaba adalci: ƙudurin Green New Deal da Ocasio-Cortez da Sanata Ed Markey suka gabatar a Fabrairun 2019 wannan ramin yake ƙoƙarin cikewa, ya ɗaure maganar yanayi da ayyukan yi da albashi. Bai zama doka ba, amma ya sauya akalar jam'iyyar daga haraji kan hayaƙi zuwa zuba kuɗi a masana'antu.

Kwan-gaba kwan-baya

Tsarin mulkin ƙasar ma yana da nasa hannu. Wyoming, wadda ta fi kowace jiha haƙar kwal, mutanenta ba su kai dubu 600 ba, sanatocinta biyu. Kaliforniya mai mutum kusan miliyan 39 ita ma biyu. Yawancin dokoki kuma sai da ƙuri'a 60 cikin 100 suke wucewa. Shi ya sa dokar yanayi ta 2009 ta tsallake Majalisar Wakilai da 219 da 212 ta je ta mutu a Dattawa. Shi ya sa kuma shugabanni ke komawa ga umarnin ofis, wanda magaji ke gogewa ran da ya shiga. Obama ya shiga yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris ta 2015, Trump ya fita, Biden ya koma a 2021, Trump ya sake sa hannun fita ranar 20 ga Janairun 2025.

Babbar nasarar masu ra'ayin ci gaba ita ce dokar Agustan 2022, wadda aka ƙiyasta za ta zuba kusan dala biliyan 369 a makamashi mai tsafta. Ta wuce da 51 da 50, mataimakiyar shugaba Kamala Harris ce ta raba gardama, bayan an sha fama da Sanata Joe Manchin na West Virginia, wanda ɗan Democrat ne a lokacin. Babu ɗan Republican ko ɗaya da ya zaɓe ta, amma yawancin sababbin masana'antun a mazaɓunsu aka kafa su ko aka faɗaɗa su, kamar ta faifan sola da ke Dalton a jihar Georgia. 'Yan majalisarsu 18 har wasiƙa suka rubuta a 2024 suna roƙon kada a soke tallafin. Dokar Yulin 2025 ta datse babban ɓangarensa duk da haka.

Akwai inda abin ya taɓo mu kai tsaye. A taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021 gwamnatin Biden ta shiga alƙawarin daina ba da kuɗin gwamnati ga ayyukan mai da gas a ƙasashen waje, abin da masu ra'ayin ci gaba suka daɗe suna nema. Yemi Osinbajo, yana mataimakin shugaban Najeriya, ya yi rubutu a wannan shekara yana cewa hana Afirka kuɗin gas zalunci ne ga mutanen da har yanzu da itace suke girki. Ina ganin yana da hujja, domin a 2023, ƙarƙashin Biden ɗin, Amurka ta haƙo ɗanyen mai fiye da yadda kowace ƙasa ta taɓa yi a shekara guda, ta kuma zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da gas a jiragen ruwa. Su dai masu ra'ayin ci gaba sun yi adawa da wannan haƙa, kuma su ne suka fi kowa cewa ƙasar da ta fi kowace tara hayaƙi a sama tun farkon zamanin masana'antu, wato Amurka, ta biya waɗanda fari da ambaliya ke ci. Sai dai majalisa ce ke riƙe da lalitar. Obama ya yi alƙawarin dala biliyan 3 ga asusun yanayi na duniya, biliyan 1 ya iya fitarwa kafin ya sauka. Da aka buɗe asusun biyan diyyar asara a taron Dubai na 2023, Jamus ta sa dala miliyan 100, mai masaukin baƙi ta sa miliyan 100, Amurka ta ce za ta ba da miliyan 17.5.